Amsoshin Tambayoyinku: Barguna Masu Sunaye a Gidajen Tarihin Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Damagaram, wadda ta ce ta ga hoton wani farin bargo mai ɗaruruwan sunaye a jikinsa, an rataye shi a gidan adana kayan tarihi a Amurka, tana tambaya ko sunayen su wane ne, kuma me ya kai abin rufa gidan tarihi.

To Malama, irin wannan bargo ana ɗinka shi ne hawa uku: ƙyalle a sama, auduga a tsakiya, wani ƙyallen a ƙasa, sannan a bi da allura a haɗe su. Tun a shekarun 1840 matan Amurka suka fara rubuta sunayensu a kai domin yi wa amarya ko mai ƙaura kyauta, daga baya kuma suka mayar da shi hanyar tara kuɗi. Matan majami'a kan bi gida-gida, duk wanda ya ba da senti 10 ko 25 sai a ɗinka sunansa da zare, wanda ya fi ƙarfi kuma ya sayi gurbin tsakiya da tsada. Idan aiki ya kammala sai a yi gwanjon bargon, ka ga ke nan ya kawo kuɗi sau biyu. Abin ya yi kama da gidauniyar da ake kiran sunan mai bayarwa a bainar jama'a, sai dai nan sunan yana zama a ƙyalle.

Sana'ar ta bunƙasa sosai bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilun 1917. A watan Disambar shekarar, mujallar mata ta Modern Priscilla ta buga tsarin wani bargo mai jajayen alamomin ƙungiyar agaji ta Red Cross, ta nuna yadda za a iya tara dala 1,000 da shi, kuma garuruwa da dama sun ɗauka.

A ganina, darajar waɗannan barguna tana cikin sunayen talakawan da ke jikinsu. Akwai manomi da mai shago da yaron makaranta da gwauruwa, mutanen da ba su shiga littattafan tarihi ba, musamman mata, waɗanda galibi da sunan mazajensu ake rubuta su a takardu. Masu bincike kan gwada sunayen da rajistar ƙidayar jama'a, su gane wa ke zaune a garin a wannan shekara, wa kuma ke maƙwabtaka da wa.

Tambaya ta biyu daga wani mai sauraronmu ne a Zangon Kumasi, yana son sanin yadda ƙyalle ke shekara fiye da 100 bai lalace ba. Malam, sirrin farko jan zaren da ake kira jan Turkiyya ne, wanda ba ya zuba idan an wanke, shi ya sa yawancin sunayen ja ne a kan fari. Waɗanda aka rubuta da tawada sun fi shan wahala, domin wata tawadar tana da sinadarin ƙarfe da ke cin auduga, har a tarar da siffar harafi ta zama huda. Saboda haka ma'aikatan gidajen tarihi kan rage hasken ɗakin nuni, su nuna bargo na 'yan watanni kawai, sannan su naɗe shi a jikin bututu ko su riƙa sauya wurin ninki domin kada ya tsage. Gidan adana barguna na ƙasa da ƙasa da ke Lincoln a jihar Nebraska, wanda aka kafa a 1997 ƙarƙashin Jami'ar Nebraska, yana da irinsu, kuma ana iya ganin hotunan kayansa ta intanet.