Laburaren Fortran da ya ƙi tashi a kwamfutar abokinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ɗalibanmu na Jidda, Madina da Zahran da ke aikin lissafi da Fortran, harshen rubuta manhajar kwamfuta.

Ka haɗa laburarenka na tarayya (shared library, fayil ɗin .so da manhajoji ke kira lokacin aiki) da umarnin gfortran -shared -fPIC, ya yi aiki lafiya lau a kwamfutarka. Ka tura wa abokin karatunka, can bayan la'asar sai ga kiransa: abin ya ƙi tashi, wai ba a ga libgfortran.so.5 ba.

Lissafinka ba shi da laifi. Duk inda ka rubuta print ko open, libgfortran ne ke yin aikin a bayan fage, shi kuwa gfortran, manhajar da ke haɗa Fortran, sunan libgfortran kawai yake rubutawa a fayil ɗinka. Buga readelf -d, ka duba layukan NEEDED, za ka gan shi. Lamba 5 ɗin nan ta ƙarshen sunan da GCC 8 ta zo, a 2018 (GCC shi ne kunshin da gfortran yake ciki). Na GCC 7 lamba 4 ne, na 4.8 lamba 3, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Da yawa sai su garzaya ga -static-libgfortran, a cusa komai a ciki a huta. Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Sau da yawa ba a gina libgfortran.a, kwafin da ake cusawa ɗin, da -fPIC da laburaren tarayya ke buƙata ba, haɗin ma ba zai yiwu ba. In kuma ya yiwu, akwai matsalar da ta fi ɓoyuwa. A ce laburare biyu kowanne ya haɗiye nasa kwafin. Kowanne na iya riƙe nasa rajistar fayiloli. Na farko ya buɗe fayil a lamba 10, na biyu bai san da zancen ba, sai ya ƙirƙiro fort.10 ya zuba sakamakonka can, ba ko gargaɗi. Aikin mako guda yana iya salwanta a haka.

Abin da nake yi shi ne in ajiye libgfortran.so.5 da libquadmath.so.0, wanda libgfortran ke dogara da shi, a folda ɗaya da laburarena, in ƙara -Wl,-rpath,'$ORIGIN' wajen haɗawa. Ma'anarsa, nemi abokan tafiyarka a gefenka. Kada ka manta da alamomin zance ɗin nan guda-guda, in babu su bash, manhajar da ke karɓar umarninka, zai cinye kalmar $ORIGIN.

Kafin ka tura, buga ldd, umarnin da ke nuna inda ake samo kowane laburare, a kan fayil ɗin, ka tabbata hanyar da ya nuna ta wannan folda ce.