Shimfiɗar 'Ya'yan Agwagwa a Ɗaki: Me Za a Zuba Musu?

Assalamu alaikum jama'a. Kowa ya san agwagwa da son ruwa, shi ya sa ake ɗauka lema ba ta yi wa 'ya'yanta komai. To, ɗan agwagwar da bai jima da ƙyanƙyashewa ba gashinsa kamar auduga yake, ruwa na ratsa shi. In kuma a ɗaki kake renonsa, babu uwar da zai shige ƙarƙashinta ya bushe. Ga su da fantsama ruwa, ga kashinsu ruwa-ruwa, ba kamar na 'yan tsaki ba. Don haka abin da ake nema a shimfiɗa shi ne ta shanye lema, kuma ƙafa ta samu wurin kamawa.

Kwana uku zuwa huɗu na farko, ni buhun algarara wankakke nake shimfiɗawa, ko tsohon tawul. Dalili kuwa, a kwanakin nan ba su san abinci ba, duk abin da baki ya taɓa haɗiyewa suke yi. Jarida, leda da kwali mai sheƙi, a bar su. Santsi gare su: za ka ga ɗan agwagwa yana ta zamewa har ƙafafunsa su tale, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ba a ɗaure su da wuri ba haka zai tashi gurgu.

Bayan nan sai dusar katako. Amma in ka je wurin 'yan katako, ka ce a ba ka mai faɗi, wadda injin goge katako ke fitarwa kamar ganye. Ta zama mara nauyi, busasshiya. Garin zarto mai laushi kuwa ƙura gare shi, suna cinye shi, kuma da ya jiƙe sai ya dunƙule kamar tuwo. Ka kuma tambaya ko an yi wa katakon maganin gara; in an yi, kar ka ɗauka ko kyauta ne.

Mu nan Gombe Allah ya hore mana shinkafa, musamman wajen Dadin Kowa, don haka ɓuntu ba ya wahalar samu a injin casa. Yana aiki, yana saurin bushewa, sai dai bai kai dusar katako shan ruwa ba, shi ya sa nakan haɗa su.

Ɓawon gyaɗa ne nake tsoro. Yana da araha, amma in ya taɓa lema a ajiya yakan yi funfuna, funfunar kuma na iya fitar da gubar da ake kira afilatokzin, mai lalata hanta. A cikin tsuntsayen kiwo, 'ya'yan agwagwa suna cikin waɗanda gubar nan ta fi saurin kayarwa. A 1960 ma, da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, abincin da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa mai funfuna aka gano shi ne sanadi. Kuma kowace irin shimfiɗa ce, in ta yi funfuna ƙurarta na shiga huhu, sai ka ga ɗan agwagwa ya miƙe wuya yana haki. A watan Agusta, da damina ta yi nisa, a sa ido sosai.

Kauri kuwa, a zuba kamar inci 2 zuwa 3. Mazubin ruwa a ɗora shi kan ragar waya, a sa faranti a ƙasa, ya zama duk abin da suka fantsama can zai taru. Kullum da safe a kwashe wurin da ya jiƙe a zuba sabuwa. In kana so ka gane, damƙi shimfiɗar a hannu: in ta warwatse lafiya lau, in ta dunƙule ta sha ruwa. Sannan ka durƙusa daidai tsayinsu ka shaƙa. In wari ya yi maka yaji a ido, su da ke kwana a ciki sun daɗe suna shan wahala.

Lokacin hunturu, satin farko suna son ɗumi wajen digiri 32, ana ragewa da kamar digiri 3 kowane sati. Masu amfani da kaskon gawayi, don Allah a ɗora shi kan bulo, a kewaye shi da waya, a bar kafar shigar iska, domin busasshiyar dusar katako tartsatsi ɗaya ya ishe ta kamawa.