Enrico Fermi: Malamin da Ya Auna Bam da Guntayen Takarda

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, da ku ɗalibai, sannunku da zuwa cikin wannan rana ta Kano.

Mutumin da zan yi magana a kansa yau sunansa Enrico Fermi, masanin fiziks ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a Roma a 1901, ya rasu a Shikago a 1954 yana da shekara 53, ciwon daji na ciki ne ya yi ajalinsa.

A 1934 shi da abokan aikinsa suka gano cewa idan aka rage wa niyutron (ɗaya daga cikin 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke cikin zarra) gudu, ya fi saurin shiga cikin ƙwayar zarra. Kun san da me suka rage masa gudun? Da irin kakin da ake yin kyandir. Da suka ga abin ya yi, sai suka kwashi kayansu suka fita lambun makarantar, suka sake gwadawa a cikin ruwan kwarmin da ke wurin. Wannan aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1938. Daga wajen karɓar kyautar bai koma gida ba, ya wuce Amurka da iyalinsa, domin gwamnatin Musolini, shugaban Italiya na lokacin, ta kafa dokokin takura wa Yahudawa, matarsa kuwa Bayahudiya ce. A Shikago, ranar 2 ga Disamba 1942, ya kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya, wato na'urar da ke fitar da makamashi ta hanyar farfasa ƙwayar zarra, a ƙarƙashin kujerun filin ƙwallon jami'a.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Ranar 16 ga Yuli 1945 aka gwada bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico da ke Amurka, Fermi kuma yana wurin. Ga na'urori birjik, amma Fermi sai ya yayyaga takarda ya riƙe a hannu. Da iskar fashewar ta iso inda yake, ya saki guntayen, ya auna nisan da ta kwashe su, ya ce ƙarfin bam ɗin ya kai kamar tan dubu goma na nakiya. Daga baya na'urori suka nuna ya haura dubu ashirin. Bai dace daidai ba, amma da takarda da ido kawai ya matso kusa haka.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan labarin yana min nauyi a zuciya. Ba a yi wata guda ba aka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta. A 1949 Fermi yana cikin waɗanda suka ce kada a ƙera bam ɗin haidirojin, wanda ya fi waɗancan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba a ji maganarsu ba.

Mutum ne mai son fita daji. Yana hawan tsaunukan arewacin Italiya tun yana saurayi, a Amurka ma bai daina ba, kuma yakan tafi da ɗalibansa ana tafe ana jefa musu tambayoyin kintace. Ɗalibansa da dama sun ci Nobel daga baya.

Mu kuwa fa? Yaranmu sun haddace dokokin Niyuton saboda WAEC da JAMB, amma ka tambayi yaro jarka nawa 'yan garuwa ke sayarwa a unguwarsu kullum, sai ya ce ba a koya musu ba. Alhali zai iya: gida nawa ne a layinku, mutum nawa a gida, bokiti nawa kowa ke amfani da shi?

Saboda haka malamai, ina roƙon ku ba ni aron 'yan ajin ƙarshe ranar Asabar. Mu haɗu a gindin Dala bayan sallar asuba, kowa da biro da takarda da igiya. Za mu hau, mu hango Goron Dutse, mu kintaci nisan da ke tsakani, in mun sauko mu duba taswira.