Darasi: Gano asalin tsohon Pietenpol daga jikin injinsa

To jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan da kuke gani a bayana shi ne Pietenpol Air Camper, ƙaramin jirgin sama na katako mai kujera biyu wanda Bernard Pietenpol ya tsara a Cherry Grove, jihar Minnesota ta Amurka. Tun da aka buga zanensa a 1932 mutane ke ƙera shi a garejin gida, shi ya sa ba za ka samu biyu iri ɗaya ba.

Farantin shaida da lambar rajistar jirgin da ke farawa da N kun san su, ku zuba lambar a rajistar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, kawai. Amma ku lura, a gurbin maƙeri sunan wanda ya haɗa jirgin da hannunsa ne zai fito.

Mu zo kan injin. Da ka ga lagireto a tsaye gaban fukafuki yana tare wa matuƙi gani, injin motar Ford ne, silinda huɗu, ƙarfin doki 40 idan na samfurin motar Model A ne. Lambarsa na jikin bulok, wato gangar injin, ta hagu, saman inda ruwa ke shiga. Bari in haska... a'a, ku gafarce ni, ɗaya gefen ne. Nan fa na taɓa shan wuya! A jirgi juya injin ake yi, gindinsa ya koma gaba, a ɗaura farfela a inda giya take a mota. Kenan hagun mota ya zama daman jirgi. Na yi yini guda ina ƙanƙarar gefen da babu komai.

Kananzir da burushi mai laushi sun isa. Don Allah kada ku sa samfefa, lambar za ta tafi. Kun ga tauraro, ga A, ga lambobi, ga wani tauraron ya rufe. Da wannan za ku san lokacin da aka yi injin, tsakanin 1927 da 1931 galibi. In kuka ga mazaunin famfon mai a ɗaya gefen, Model B ne, daga 1932.

Akwai masu injin jirgin sama Continental A65, akwai masu injin motar Chevrolet Corvair mai silinda shida, wanda shi kansa Pietenpol ya koma wa a shekarun 1960. Ni dai ƙarar Ford ce ke shiga raina, na ji ta a taron masu jiragen Pietenpol na garin Brodhead, jihar Wisconsin, ban manta ba. Mai kyamara, matso nan kusa su ga tauraron da kyau.