Darasi: Akwatin da Ke Raba Bugun Kiɗa da Lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. To, kamar yadda na yi alkawari, yau za mu taɓa ƙaramin akwatin nan na gefen hagu a jerin akwatunan kiɗa na lantarki da ke gabana. Shi ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Aikinsa ya gaya wa sauran akwatunan lokacin da za su buga. Duk jerin nan ana ce masa Eurorack, tsarin da kamfanin Doepfer na Jamus ya kawo, kowane akwati da aikinsa, sai ka haɗa su da 'yan wayoyi.

Kafin mu murɗa komai, ku zo mu zauna ƙasa kamar masu dara. Tona gurbi 8 a zagaye, ka ɗauki tsakuwa 3. Raba su yadda kowace za ta yi nisa da 'yar uwarta iyakar iyawa. Takwas ba ta rabuwa uku daidai, ko ba haka ba? Sai ka ga ɗaya ta zauna a gurbi na 1, ɗaya na 4, ɗaya na 7. Tazara uku, uku, biyu. Ku tafa da ni: tas, shiru, shiru, tas, shiru, shiru, tas, shiru. Kun ji? Mutanen Kuba suna kiran wannan tresillo, amma wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa gidan biki a Birni ko Zango, ƙafarsa ta san shi.

Wannan rabon shi ne lissafin Yuklid, masanin da ya zauna Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani malamin jami'ar McGill ta Kanada, Godfried Toussaint, shi ya nuna a 2005 cewa lissafin nan yana fitar da kaɗe-kaɗen gargajiya da dama, ciki har da na Afirka.

Yanzu ga hannuna. Wayar nan ja ta taso daga agogo, shi ke ƙirga lokaci. Makunni na farko yawan gurabu, na kai shi 12. Na biyu yawan bugu, na sa 7. Na uku shi nake so ku riƙe da kyau, shi ne juyi, yana matsar da wurin da zagayen zai fara. Na matsar da shi gurbi 3. Ku saurara. Biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Wannan bugun ƙararrawar ƙarfe ne da Ewe na Gana da Togo ke kaɗawa. Ranar da na fara jin sa ya fito daga akwatin nan, sai da tsigar jikina ta tashi.

Masu koyo da yawa ba sa taɓa juyi, shi ya sa duk gangunansu ke faɗowa tare a bugun farko, kiɗa ya yi nauyi kamar daka. Bar babbar ganga a gurabu 16 da bugu 4, ƙararrawa a 12. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan ƙirga 48, kuma a tsakanin nan ne daɗin yake.

Abu guda dai, kada ka sa rai zai yi maka aikin mai kalangu. Shi mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, ganga ta yi kirari, ya ga wanda ya shigo fili ya canza. Akwati ƙashin kiɗan kawai yake ba ka, don haka ni nakan bar hannuna kan makunnin bugu, in ƙara in rage.

Wanda yake da hali, akwai akwatin Pamela's Pro Workout mai mafita 8, wato wuraren saka waya, wanda ya maye gurbin Pamela's New Workout; a da akwai Grids na kamfanin Mutable Instruments, amma an daina ƙera shi. Wanda ba shi da shi, ya sauke VCV Rack, manhajar da ke kwaikwayon akwatunan nan, a kwamfuta, kyauta ne, da shi ni ma na fara. Aikin gida: gurabu 8, bugu 5, ku juya shi gurbi-gurbi, ku tafa kowanne da hannu. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.