Ƙaramar hita ko dumamar gida gaba ɗaya: wacce ta fi cin kuɗi?

[Hoto: asubahi a Aboabo, Kumasi. Ƙurar hunturu, layin masu sayen koko da ƙosai]

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Hunturu ya shigo, kowa ya zaro rigar sanyinsa daga ƙasan akwati. Amma sanyin da za mu yi magana a kansa yau na Turai ne, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu suke karatu da neman abinci. Kwana biyun nan gardama ta cika WhatsApp: wai idan kana Ingila, ka kashe dumamar gida, ka sayi 'yar ƙaramar hita ka ajiye kusa da gado, kuɗin wuta zai ragu. Ƙanina da ke Manchesta ya bi wannan shawara bara. Ranar da bil ya zo, da sassafe ya kira ni, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

[Hoto: boila a bangon kicin, bututu, radiyeta a ƙarƙashin taga]

Ga dumamar gida a taƙaice. Wannan farin akwatin shi ne boila. Yana ƙona gas ya zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa waɗannan ƙarafan da ke jikin bango, radiyeta, su dumama ɗaki. In ruwan ya huce ya koma a sake zafafa shi. Shi ke nan. Ita kuma hita, ka soka a soket ka kunna.

Yanzu mu tsaya a inda ake ruɗewa.

[Hoto: hannu ya juya hita, kyamara ta matso kan 'yar takardar da ke bayanta]

Mutum ya ga abu ɗan ƙarami, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, sai ya ɗauka cinsa ma kaɗan ne. Juya ta ka duba bayanta. Ka ga an rubuta 2000W? Wat 2000 ke nan. Mu a nan ba sai an koya mana yunit ba, mitar ECG ta riga ta koyar da mu. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. To wannan 'yar hitar, in tana aiki da cikakken ƙarfinta, yunit 2 take ci kowace awa. Ƙwan fitila na LED kusan wat 10 ne, don haka kamar ka kunna ƙwai 200 ne a lokaci guda. Iyayenmu mata sun san yadda mita ke gudu idan an jona dutsen guga. To ka ɗauka dutsen guga ne aka bari a kunne daga magariba har sha ɗaya na dare.

Awa 5 a dare, yunit 10. A wata, yunit 300. Gaskiya ne mai na'urar auna zafi tana kashe kanta in ɗaki ya ɗumama, lissafin zai sauko. Amma a tsohon gida mai shigar iska ta ƙasan ƙofa, ba ta cika samun hutu ba.

[Hoto: hita iri uku a jere, mai fanka, mai mai a ciki, mai jan ƙarfe]

Wani zai ce to a sayi mai tsada, wai ta fi tattali. Ɗan'uwa, duk hitar da ke aiki da lantarki kai tsaye, yunit ɗaya ta ci, zafin yunit ɗaya za ta ba ka. Mai fanka ta fi saurin ɗumama wuri, mai mai ta fi daɗewa da ɗumi bayan an kashe, bambancin ke nan. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin da ake tallarsu a Facebook, masu liƙewa a jikin soket, suna cin wuta kaɗan ne saboda zafin da suke bayarwa ma kaɗan ne. Iya kuɗinka iya shagalinka. Wannan tallar tana ɓata mini rai, don sabbin zuwa ne suke faɗawa.

To me ya sa boila ke da sauƙi? Farashin abin da take ƙonawa. A Birtaniya a 'yan shekarun nan, yunit ɗaya na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na yunit ɗaya na gas. Boila ta zamani tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗin zuwa ɗumi. Ka haɗa waɗannan biyun: kuɗin da zai ɗumama ɗaki ɗaya da hita, zai ɗumama ɗaki uku ko fiye da gas. Abin da ya kama ƙanina ke nan. Su uku ne a gidan, kowa ya sayi hitarsa ya shige ɗakinsa, kowa yana ganin ya yi dabara, mita kuwa guda ɗaya ce.

[Hoto: yatsa na murɗa kan radiyeta daga 5 zuwa 1]

Kuma ba dole ne ka ɗumama kowane ɗaki ba. Wannan murfin mai lamba 1 zuwa 5, ka rage shi a ɗakin da ba kowa. Kada dai ka kashe gaba ɗaya duk lokacin sanyi, bango zai yi danshi ya yi baƙin fumfuna, mai asma ya sha wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18.

Yaushe hita ta fi? In kai kaɗai ne a babban gida, ɗaki ɗaya kake zama, na awa ɗaya ko biyu. Ko kuma gidan ba gas, dama lantarki ake dumama shi da shi. Wanda yake Jamus ko Kanada ya duba farashin da ke kan bil ɗinsa, don a Kebek da ke Kanada, misali, lantarki na da araha. Akwai kuma na'urar da ke jawo ɗumi daga iskar waje, mai aiki kamar AC da aka juya, ita tana ba da kusan yunit 3 na ɗumi a kan yunit ɗaya, amma mai gida ne ke sa ta, ba ɗan haya ba.

In ka sayi hita, a soket ɗin bango kai tsaye, ba a wayar ƙari ba. Kada a shanya kaya a kanta, a nisanta ta da labule da katifa kamar mita ɗaya.

[Hoto: komawa Kumasi, dare, kurfoti na ci a tsakar gida]

Mu kuma na gida, sanyin Kumasi da wuya ya sauka ƙasa sosai da digiri 20, bargo da rufe taga sun isa. Roƙona ɗaya ne, musamman ga masu jego da masu kula da tsofaffi: kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci take kama shi. A dafa ruwan wanka a tsakar gida, a bar garwashin ya mutu a waje.