Windows ko Mac, kuma RAM nawa zai ishi mai haɗa kiɗa?

Salamu alaikum mutanen Damagaram, masu haɗa kiɗa daga Birni har Garin Malam. Kafin ka ƙirga jakunkunanka ka miƙa wa mai shago, tsaya tukuna. Da wace manhaja kake aiki? Ita ce za ta zaɓa maka kwamfuta.

In Logic Pro hannunka ya saba da ita, magana ta ƙare, sai Mac, don ba ta hawa Windows. FL Studio da Cubase kuwa kowanne suna hawa, FL ma tun 2018 ta shiga Mac. Ni dai a nan Zinder Windows nake ba mutum shawara: ta lalace, ga mai gyara kusa, kayanta kuma ba sa wuyar samu daga Kano. Mac ɗin da Apple ke fitarwa tun 2020, masu firosesa (ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) M1 zuwa sama, aiki gare su ba wasa, amma RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, a manne yake, ba ya ƙaruwa. Yadda ka saye ta haka za ta tsufa.

In ta hannu za ka saya, dubi lambar firosesa. Ka ga i5-8250U? Wannan 8 ɗin shi ne ƙarni na takwas, daga nan Windows 11 ke karɓa. Windows 10 kuwa Microsoft ta janye mata tallafi tun 14 ga Oktoban 2025.

To, RAM. Ɗauke shi kamar tabarmar da kake baza kaya a kai, faifan ajiya kuma rumbu. Duk sautin ganga ko fiyano da ka buɗe a Kontakt, manhajar sautukan kayan kiɗa, kan tabarmar nan yake sauka. Ta cika, kwamfuta ta fara safa da marwa zuwa rumbu, kai kuma kana zaune mawaƙi na kallonka. Giga 8 zai ɗauki kiɗa mara nauyi da murya. Giga 16 shi ne kwanciyar hankali. Giga 32 sai mai manyan sautukan goge irin na fim.

A gaban mai shagon, danna Ctrl, Shift da Esc tare, a shafin da ya buɗe ka shiga Performance, sannan wajen Mémoire, wato RAM, tunda yawancin namu da Faransanci suke zuwa. In ka ga 1 sur 2, akwai gurbin ƙara wani RAM nan gaba.

Sauti na ƙaras-ƙaras kuwa, kada ka ɗora wa RAM laifi nan take. Sa direban ASIO, wato manhajar da ke tafiyar da sauti a Windows, ka ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, daga 128 zuwa 512 lokacin haɗawa. In har yanzu yana yi, kai ta a hure mata ƙurar fanka, don zafin Afrilu na sa firosesa ta rage gudu da kanta.